Rigar Sanyin 'Yar Fari

Shekarar da aka ce motoci su koma bin hannun dama, a sanyin da ya biyo baya, ƙyanda ta shiga ƙauyukanmu. Ina aure a Gaya a lokacin, iyayena suna Toranke, kuma 'yata ta fari tana wurinsu. Tun yaye aka kai ta, ba a dawo da ita ba, ni kuma ban tambaya ba. Mu Fulanin da muka zauna muka kama noma, shanu sun ragu a hannunmu, amma kunya tana nan yadda take. Ɗan fari ba naki ba ne a gaban mutane. Ba kya kiran sunansa, ba kya ɗaukarsa, ba kya tambayar lafiyarsa. In ya faɗi a gabanki sai ki kalli wani wajen, har wani ya zo ya ɗaga shi. Haka na tarar, haka na yi. Shekarar yarinyar uku da 'yan watanni, rabona da in taɓa jikinta kuwa tun ranar da aka cire ta daga nono.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan malamin asibiti. Matarsa 'yar birni ce, ta yi makaranta, tana saƙa da waɗansu dogayen allurai guda biyu. Ni kaɗi na iya, tun ina ƙarama hannuna ya san zare, saboda haka da ta ga ina yawan kallonta sai ta sa aka samo mini wayar ƙafar keke guda biyu, aka goge bakinsu a dutse, ta koya mini. Hula ɗaya na taɓa gamawa, ita ma ta fito kamar bakin tulu. Iyakar ilmina ke nan.

Wata ranar kasuwa da la'asar maigidana ya dawo, ya tsaya a tsakar gida yana kwance wa jaki mangala. Bai dube ni ba. Ya ce, kamar da jakin yake, “Na gamu da mutanen Toranke. Sun ce cutar nan ta shiga gidan Baffa. Ƙurajen sun bushe, amma tari ya sauka a ƙirji.”

Bai faɗi ko wace ce ba. Yaro ɗaya ne a gidan Baffa, mahaifina.

Ina tankaɗe a lokacin. Na ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare, na ci gaba da kaɗa rariya babu komai a cikinta. Sannan na yafa zane na shiga maƙwabta.

“Ke Bafillatana, lafiya?” in ji matar malamin. “Wa ya koro ki?”

Na ce, “Yaya, wai in ƙyanda ta bar wa yaro tari, me ake yi?”

“Wa ke tarin?”

“Wata yarinya ce a garinmu.”

“Wata yarinya! Ku dai Allah ya shirye ku. Ki haifi abinki da cikinki, sannan ki zo ki ce mini wata yarinya.” Ta ajiye saƙarta. Da ta dubi fuskata sai ta bar tsokanar. Ta ce, “Saurara, ƙanwata. Ba ƙurajen ne ke ɗauke yara ba, sanyin da ke shiga ƙirji bayansu ne. Mene ne a jikinta da safe?”

Na ce, “Zanen Inna.”

“Zane! A wannan sanyin?”

Ta karɓo mini waɗansu fararen ƙwayoyi wurin mijinta, ta ce a daka rabi a ruwa safe da yamma. Ta ce kuma dole a yi mata rigar sanyi, mai buɗaɗɗen gaba da maɓallai, don marar lafiya ba a tura masa riga ta ka, kuma in za a shafa mata mai a ƙirji sai a ɓalle kawai. Ta nuna mini yadda zan yi, baya daban, gaba biyu daban, hannuwa daban, sannan a haɗa. Ta ce, “Amma ki fara aunawa. Daga kafaɗa zuwa cinya, faɗin ƙirji, tsawon hannu. In ba ki auna ba wata hular za ki sake yi mana.”

Na ce ba ni da abin awo irin nata. Ta ce, “Ki auna da duk abin da kika samu.”

Da na koma ɗaki sai na tarar da tsohuwar suwaitar maigidan a kan gado, wadda ya zo da ita daga cin rani a Kano. Ruwan toka ce. Bai ce mini komai a kanta ba, ni ma ban ce ba. Washegari muka warware ta, ni da matar malamin. Gwiwar hannu da wuya duk sun cinye, abin da muka samu mai ƙwari curi huɗu ne. Na ce wa maigidan ina so in je in gai da Inna. Ya ce kwana bakwai.

Na bi ayarin masu jakuna. Muna shiga Toranke da la'asar na ga wani dattijo ya fito daga wani gida da sauri, fartanya a kafaɗa, a hannunsa kuma kara. Karan dawa ne, an karye shi guntu, bai wuce kamu biyu ba. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan karan. Da shi ake auna mamaci daga ka zuwa dunduniya, a kai wa masu haƙa, su haƙa daidai shi. Masu jakunan suka ce Allah ya ji ƙan rai. Ni kuwa na tsaya sai da na tabbata ba daga layinmu ya fito ba.

Na samu Inna a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta. Na tambayi Baffa, na tambayi shanu, na tambayi amfanin gona. Daga cikin ɗakin ina jin tarin, wani ɗan busasshen tari marar ƙarfi, kamar ana kankare ƙwarya. Ban tambayi mai shi ba. Na miƙa wa Inna ƙwayoyin na ce, “Matar malamin asibiti ce ta ce a kawo miki, ko wani zai buƙata.”

Ta jujjuya su a tafin hannu, ta ce, “To, wani zai buƙata.” Ta dubi curin zaren a ƙwaryata. “Wannan fa?”

“Rigar ɗan maƙwabta nake saƙawa.”

“Allah sarki. Ɗan maƙwabta ya yi sa'a.”

Sai da safe na ga yarinyar da kyau. Ta rame, wuyanta kamar na ɗan tsako, fatar jikinta tana saɓulewa inda ƙurajen suka bushe. In ta ja numfashi sai ramin wuyanta ya lotsa, haƙarƙarinta ya fito a lissafa. Da ido na auna ta, da ido na sake aunawa, amma ido ba ya riƙe awo. Ga shi ba ni da ikon in kai hannu jikinta Inna tana kallo.

Da hantsi Inna ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Baffa yana waje. Yarinyar ta samu barci, ta miƙe sambal a kan tabarma. Na ce a raina yanzu ne ko ba yanzu ba. Na fita na zaro kara ɗaya daga danga, na dawo ina sanɗa. Nufina in kara shi a jikinta, in yi alama da farce a kafaɗa, in yi alama a cinya, shi ke nan. Na shimfiɗa shi a gefenta. Sai ya yi tsawo, ƙarshensa yana tokare bango. Na kama wurin da ya wuce ƙafarta na karye.

Ƙas.

Ƙarar nan ce ta farkar da ni. Na duba. Ga yarinya kwance ba motsi, ga kara a gefenta, daga ka zuwa dunduniya, bai ƙaru ba bai ragu ba. Da hannuna na karye shi. Na kasa ɗauke shi, na kasa barinsa. Sai hasken ƙofa ya tsare.

Inna ce, ta manta guga ta dawo.

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, “Wa ya mutu?”

Na dubi karan.

“Na ce wa ya mutu a ɗakina, da kike awo?”

“Inna, riga ce...”

“Riga.” Ta tsallake ni, ta sa kunne a ƙirjin yarinyar, ta daɗe a haka. Sannan ta ɗauki karan da yatsu biyu kamar mai ɗaukar mataccen maciji, ta fita da shi. Ta kakkarya shi gutsu-gutsu, ta cusa a murhu, ta tsaya a kansa har ya zama toka. Ta kwashe tokar ta kai bayan gida. Daga nan ba ta sake yi mini magana ba har kwana biyu.

Da Baffa ya ji, sai ya ce, “Camfi ne na mata. Kara ba ya ɗaukar rai, Allah ne mai rai.” Haka ya faɗa, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ranar bai sake fita ko'ina ba. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin bangon ɗakin, carbi a hannu, aka kai masa fura ta dawo yadda aka kai ta.

Da azahar zazzaɓi ya hau. Yarinyar ta daina ma tarin, sai wani gurnani siriri a duk numfashi. Ta ƙi nonon shanu, ta ƙi kunu, ruwan maganin ma sai Inna ta matse kumatunta take ɗura mata. Na zauna a bakin ƙofa ta waje, inda zan ji ba tare da an ce ina kallo ba. Abu ɗaya ne a kaina, ba ya tafiya: na auna ta. Na kira abin da ke yawo a garin, na nuna masa ɗakin, na faɗa masa tsawonta. In ta tafi, ba ƙyanda ce ba, ni ce.

Ban san abin da zan yi da hannuwana ba, sai na ɗauki wayoyin. Babu awo, don wuta ta cinye shi, kuma ko za a yanka ni ba zan sake ba. Na ɗora zare bisa kintace na fara. Wayar keke santsi gare ta, ƙulli ya yi ta zamewa ina tsintowa. In numfashin cikin ɗaki ya tsaya sai ni ma in tsaya, waya a sama, har ya dawo. Sau biyu a wunin nan aka yi kururuwa a wani gida. Sau biyu na ji maza sun wuce ta bayan danga suna tafiya da sauri, ba mai magana.

Rana ta uku na kusa gama bayan rigar. Inna ta fito zubar da ruwa, ta tsaya a kaina. Ta miƙo hannu, na ba ta. Ta ɗaga saƙar ta duba, ta dubi ƙofar ɗaki. Sai kawai ta zare wayar ta kama bakin zaren ta ja. Aikin kwana biyu ya warware a gabana, tsaf, ya taru a ƙasa.

Na ce, “Inna!”

“Daidai ita kika yi,” in ji ta. “Idonki ya riƙe abin da karan nan ya gaya miki. Ni ban taɓa ganin an yi wa yaro mai rai riga daidai jikinsa ba. Ki yi wadda za ta sa baɗi. Ki yi wadda za ta sa in ta fara zuwa rijiya.”

“Zaren ba zai isa ba.”

“Zai isa. Sa hannu.”

Maganar farko ke nan da ta yi mini tun ranar karan, kuma ba ta ƙara cewa ɗan maƙwabta ba. Na naɗe zaren na sake ɗorawa, wannan karon na ƙara faɗi har sai da wayar ta cika maƙil. Kwana huɗu suka rage mini. Ina idar da sallar asuba nake ɗauka, ba na ajiyewa sai ido ya daina ganin zare. Inna ta hana ni daka, ta hana ni surfe. Kan yatsana ya tsage inda waya ke tokara, na ɗaure da tsumma na ci gaba. Tsorona ya kasu biyu. Ina tsoron kada in makara. Ina kuma tsoron in gama, don wani abu yana raɗa mini cewa jira take a kawo mata abin da za a naɗe ta da shi. Sai in yi a'uziyya, in ƙara sauri.

A hannu na biyu zare ya ƙare, daidai gwiwa. Na jawo kwandon kaɗin Inna na ɗauko curin abawa fari. Kafin in ƙulla ta buge hannuna.

“Ban da fari.”

Ta buɗe tukunyar kayanta ta fito da zare baƙi mai shuni, wanda ta daɗe tana ajiya don saƙar zanenta. Na riɓa shi uku na ƙarasa hannun. Maɓallai kuwa Baffa ne ya ciro su daga tsohuwar taguwarsa, guda huɗu, ba biyun da suka yi kama. Ya miƙo ta saman danga ya ce, “A sa wa amaryata, kada ta ce mijinta marowaci ne.”

Rana ta shida da hantsi na haɗa. Inna tana dama fura. Na ajiye rigar a gefenta na koma gefe. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, “Ba kya ganin hannuna? Shiga ki sa mata.”

Hannunta ɗaya ne kawai a cikin ƙwaryar, kuma ga ruwa a kusa. Na shiga.

Na ɗago ta. Ba nauyi, kamar ƙwaryar da ba komai. Zafin jikinta ya ratsa zanena. Na zura mata hannu ɗaya, na zura ɗayan, rigar ta sauko har gwiwa, hannuwan suka haɗiye yatsunta sai da na naɗe su sau uku. Ina ɓalla maɓalli na ƙarshe ta buɗe ido. Ta dube ni, ba ta san ni ba. Ta ce, “Inna,” da wata murya kamar ta sauro, tana neman ƙofa. Na kwantar da ita na fito.

Washegari kwanakina suka cika. Zazzaɓin ya ɗan sassauta da safe, amma haka yake yi kullum kafin ya dawo da azahar. Na yi wa Inna sallama, na yi wa Baffa. Ban leƙa ɗakin ba.

A Gaya na koma rayuwa da kunne. Duk sallamar da aka yi a zaure sai in kasa kunne. In na ji kukan jaki a ƙofar gida sai in saki abin da ke hannuna. Ranar kasuwa maigidan zai dawo, in tsura wa ƙafafunsa ido, don a tafiyar mutum ake gane abin da ya ɗauko. Kasuwa ta farko bai gamu da kowa ba. Ta biyu ma haka. Matar malamin tana cewa, “Shiru ai alheri ne, da wani abu da an aiko.” Ni kuwa na san mutanenmu. Suna iya binne ɗan fari su bari sai an kwana biyu a gaya wa uwar, wai don kada ta yi abin kunya.

Kwana goma sha tara ina lissafawa. Rana ta ashirin da hantsi aka yi sallama, muryar Baffa ce. Baffa bai taɓa zuwa gidan surukinsa haka kawai ba.

Na ɗauki ruwa na fita zaure. Yana zaune a kan tabarma, jakarsa ta fata a gabansa. Daga bakin jakar wani abu ya leƙo, ruwan toka. Na san kowane ƙulli a jikinsa. A wurinmu in yaro ya rasu, kayansa ba sa kwana a ɗakin, wankewa ake yi a fitar.

Na durƙusa. Ban san yadda kwanon ya kai ƙasa bai zube ba.

“Sannu da zuwa, Baffa.”

“Yauwa. Mun same ku lafiya?”

“Lafiya lau. Ya hanya?”

“Alhamdu lillahi. Ya maigidan?”

“Yana lafiya. Ya Inna?”

“Tana gaishe ki. Ya sanyi?”

“Lokacinsa ne. Ya shanu?”

“Suna nan, sai ƙarancin ciyawa.”

Na ƙare duk abin da aka yarda in tambaya. Saura ɗaya, wanda ba a yarda ba. Baffa ya ɗauki kwanon ya sha, ya sha, ya goge gemu. Ya yi hamdala. Sannan ya jawo jakar ya zaro rigar, ya shimfiɗa a gabana. Hannun dama ya ƙone har kusan gwiwa, zaren ya dunƙule ya yi baƙi.

Ya ce, “Uwarki ta ce ki gyara. Amaryar tawa ɓarauniya ce. Jiya ana gasa dankali, kafin a waiwaya ta zura hannu cikin garwashi. Allah ya taimaka hannun rigar ya fi nata tsawo, shi ya ci wutar. Dankalin kuwa sai da ta cinye shi, tana kuka tana ci.” Ya ƙara kurɓar ruwa. “Ki hanzarta, da azahar zan juya. Na baro ta tana birgima a tsakar gida, wai na sace mata riga.”

Na ce, “To, Baffa.”

Na ɗauki rigar na shiga. Na wuce ɗakina, na wuce murhu, na zaga bayan rumbu inda ba mai ganina. Na cusa fuskata a cikinta. Warin hayaƙi, da man shanu, da dattin yaron da ke wasa a ƙasa. Na toshe bakina da ita na yi abin da zan yi.

Babu sauran zare, saboda haka na warware ƙonannen wurin na rufe bakin, na rage ɗaya hannun ya zo daidai da shi. Kafin a kira azahar na gama. Baffa ya cusa ta a jaka, ya hau jakinsa ya kama hanyar Toranke.